Jitar lantarki ƙirar hannu

Jitar lantarki ƙirar hannu ita ce jitar lantarki wadda maƙeri guda, ko wani ƙaramin shago mai ma'aikata kaɗan, yake ƙerawa ɗaya bayan ɗaya, galibi bisa buƙatar mutumin da ya ba da aikin. A Turance ana kiranta boutique guitar ko custom guitar. Kalmar butik daga Faransanci ta fito, kuma asalin ma'anarta ƙaramin kanti. Bambancin wannan jita da ta babbar masana'anta kamar bambancin rigar da tela ya ɗinka bayan ya auna mutum ne da rigar da aka saya ɗinkakkiya a kanti. Mai ba da aiki shi ke zaɓen katako, kaurin wuya, na'urorin ɗaukar sauti da launin fenti, maƙeri kuma ya haɗa su yadda za su dace da hannunsa da irin kiɗansa.

Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka, sai kuma Ingila, Jamus, Japan da wasu ƙasashen Turai. Babu wata doka da ta ƙayyade adadin jitar da shago zai fitar kafin ya fita daga wannan rukuni, shi ya sa ake kiran wanda ke ƙera goma a shekara da wanda ke ƙera ɗaruruwa da suna ɗaya.

Tarihi

Jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa sosai ita ce wadda George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayarwa a 1932 a Los Angeles. Amma a tarihin ƙirar hannu an fi ambaton Paul Bigsby, wani makanikin babura na garin Downey a jihar Kalifoniya, wanda a 1948 ya ƙera wa mawaƙi Merle Travis jita mai jiki na dunƙulallen katako. Bigsby shi kaɗai yake aikinsa, kuma masu son jitarsa sai sun jira. Bayan shekaru kaɗan manyan kamfanoni suka mamaye kasuwa: Fender ya fito da Telecaster a 1951 da Stratocaster a 1954, Gibson kuma ya fito da Les Paul a 1952.

Abin da ya buɗe wa ƙananan maƙera ƙofa shi ne sauyin hannu da manyan kamfanonin nan biyu suka yi. A 1965 kamfanin yaɗa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, a 1969 kuma Gibson ya koma ƙarƙashin kamfanin da daga baya aka sani da Norlin. Makaɗa da yawa sun yi ƙorafin cewa inganci ya ragu a shekarun 1970: jita ta yi nauyi, fenti ya yi kauri, haɗin wuya da jiki ya yi sakwa-sakwa. Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, farashin tsofaffin jitocin shekarun 1950 ya tashi. Na biyu, masu gyaran jita suka fara ƙera nasu domin waɗanda ba su gamsu da sababbin ba.

A Kalifoniya, kamfanin Alembic da aka kafa a 1969, wanda ke da alaƙa da ƙungiyar kiɗan Grateful Dead, ya shigo da katakai masu tsada da na'urorin lantarki masu aiki da batir a cikin jita. Doug Irwin, wanda ya yi aiki a can, shi ya ƙera wa Jerry Garcia jitocin da aka sa wa suna Wolf a 1973 da Tiger a 1979. A jihar Illinois, Paul Hamer da Jol Dantzig sun kafa Hamer a 1973. A Landan, Tony Zemaitis ya yi suna da jitoci masu fuskar ƙarfe mai zane, waɗanda Ronnie Wood ya riƙa amfani da su. Shagunan Wayne Charvel da David Schecter sun fara ne da sayar da sassa, kuma daga sassan shagon Charvel ne Eddie Van Halen ya haɗa jitarsa da ta yi fice a faifan farko na ƙungiyarsa a 1978.

A shekarun 1980 da 1990 sana'ar ta zauna da gindinta. Tom Anderson ya buɗe shagonsa a 1984. Paul Reed Smith, wanda ya daɗe yana ƙera jita da hannu a garin Annapolis na jihar Maryland, har ya yi wa Carlos Santana, ya kafa kamfanin PRS a 1985. John Suhr, wanda ya ƙera wa Mark Knopfler jita a shagon Rudy Pensa a New York, ya kafa nasa kamfani a 1997. A Turai, Juha Ruokangas ya fara a ƙasar Finland a 1995, Nik Huber kuma a Jamus a 1996. Da manyan kamfanoni suka ga kasuwar tana kuɓuce musu, su ma suka buɗe sashen aiki na musamman: Fender a 1987, Gibson a 1993.

Yadda ake ba da aiki

Aikin yana farawa ne da tattaunawa tsakanin makaɗi da maƙeri, ido da ido ko ta intanet. Maƙeri yakan tambayi irin kiɗan da mutum yake yi, jitar da ya saba da ita, abin da yake so a jikinta da abin da ke damunsa. Daga nan a rubuta takardar bayanin aiki, wadda ta ƙunshi kowane zaɓi da farashinsa. Mai ba da aiki yana biyan kafin alƙalami, sauran kuɗin kuma sai an gama. Jira yakan ɗauki watanni, a wajen maƙeran da suka yi suna kuwa har shekaru.

Manyan abubuwan da ake zaɓa su ne:

Tsawon tsirkiya: wato nisan da ke tsakanin wurare biyu da tsirkiya ta dogara a kansu. Awon Fender inci 25.5 ne, na Gibson inci 24.75, PRS kuma ya ɗauki inci 25. Tsirkiya mai tsawo ta fi tauri a ƙarƙashin yatsa, gajeriya ta fi sauƙin lanƙwasawa.

Siffar wuya: kaurinsa da yanayin bayansa, ko mai zagaye ne, ko mai faɗi, ko mai ɗan tsini. A nan ne ƙirar hannu ta fi nuna amfaninta, domin ana iya sassaƙa wuya daidai da tafin hannun mai shi, ko a kwaikwayi wuyan wata tsohuwar jita da ya saba da ita.

Allon yatsu: katakon da ke fuskar wuya, inda ake danna tsirkiya. Yana da ɗan doro, kuma ana auna doron da inci: 7.25 a tsofaffin Fender, 9.5 a na zamani, 12 a Gibson. Ƙananan maƙera sukan yi allo mai doro sosai a farkonsa, wanda yake ƙara bajewa a hankali zuwa ƙarshensa.

Firet: siraran ƙarafan da aka dasa a allon yatsu domin raba sautuka, yawanci 21, 22 ko 24. Na bakin ƙarfe marar tsatsa sun fi na gargajiya daɗewa kafin su cinye, sai dai sun fi wahalar aiki.

Jaki: ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jita. Akwai kafaffe, akwai kuma mai hannu wanda ake dannawa sauti ya yi rawa.

Katako

An fi yin jiki da alda, ash ko mahogani, wani lokaci a ɗora fallen mefil mai kyawun zane a sama. Wuya kuma da mefil ko mahogani, allon yatsu da rozwud, eboni ko mefil. Maƙerin kirki ba ya taɓa katako sai ya bushe sarai, domin ɗanyen katako yana murɗewa bayan an gama aiki. Haka kuma yana auna nauyin kowane gunki, saboda jitar lantarki takan kai kilo 3 zuwa 4.5, kuma rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rataye ta a kafaɗa na awa uku.

Wani kaso na wannan katako daga Afirka yake zuwa. Mahoganin Afirka na dangin Khaya ne, dangin da maɗaci yake ciki. Ebonin da ake allon yatsu da shi, Diospyros crassiflora, ɗan uwan kanya ne, kuma Kamaru na cikin manyan masu fitar da shi. A 2011 kamfanin Taylor na Amurka da Madinter na Sifaniya suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam da ke Yawunde. Katakon limba na dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya shi ne Gibson ya kira korina, ya yi jitocin Flying V da Explorer da shi a 1958.

Na'urar ɗaukar sauti

Jitar lantarki ba ta da ƙara sosai idan ba a haɗa ta da amfilifaya ba. Abin da ke mayar da motsin tsirkiya zuwa lantarki shi ne maɗaukin sauti: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai ta motsa filin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da ƙaramin lantarki a cikin wayar, amfilifaya kuma ta ƙara masa ƙarfi.

Iri biyu ne suka fi yawa. Mai naɗi ɗaya yana ba da sauti garau mai kaifi, amma yana kwaso gunjin wutar lantarkin gida. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson kuma ya bayyana a jikin Les Paul a 1957, yana kashe wannan gunji domin naɗin biyu suna adawa da juna, sautinsa kuma ya fi kauri. Yawan naɗi, kaurin waya da irin maganaɗisu duk suna canza sauti. Ƙarin naɗi yana ƙara ƙarfi amma yana rage kaifi. Saboda haka wasu maƙera suke naɗa nasu da kansu, wasu kuma su saya daga ƙwararru irin su Seymour Duncan, Lindy Fralin da Jason Lollar.

Hannu da inji

Kalmar ƙirar hannu ba ta nufin babu inji a cikin aikin. Shaguna da yawa suna amfani da injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta wajen yanke jiki da wuya, domin yana fitar da awo daidai a kowane lokaci. Wasu kuma suna da injin Plek, ƙirar Jamus, wanda ke auna firet ya goge su su yi daidai. Abin da ya rage wa hannu shi ne zaɓen katako, ƙarasa sassaƙar wuya, dasa firet da gyara bakinsu, fenti, da saitin ƙarshe. A nan ne lokaci yake tafiya, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin yake shiga.

Fenti ma zaɓi ne. Naitiro, wanda aka yi amfani da shi a shekarun 1950, siriri ne, yana tsufa tare da jitar, yana tsattsagewa ya dushe, kuma wasu wannan tsufan suke nema. Foli ya fi ƙarfi da juriya. Tun 1995, lokacin da sashen aiki na musamman na Fender ya fito da jerin Relic, ake sayar da sabuwar jita da aka tsufar da gangan, aka ƙuje fentinta kamar ta yi shekara arba'in a hannu.

Kaɗawa

Makaɗan da suka mallaki irin wannan jita sun fi yabon abubuwa uku: sauƙin danna tsirkiya, tsayuwar sauti ba tare da yawan sake ɗauri ba, da daidaiton sauti tun daga farkon wuya har ƙarshensa. Dukkan ukun daga saiti suke fitowa. Ana daidaita lanƙwasar wuya da sandar ƙarfen da ke cikinsa, a daidaita tazarar tsirkiya daga firet, sannan a gyara tsawon kowace tsirkiya a kan jaki. Idan firet sun yi daidai, ana iya sauke tsirkiya ƙasa sosai ba tare da ta yi ƙara ba, yatsu kuma ba sa saurin gajiya.

Ƙirar hannu tana da amfani na musamman ga wanda jitar kanti ba ta dace da shi ba: bahago, mai ƙananan hannuwa, mai ciwon baya ko kafaɗa da ke buƙatar mai sauƙin nauyi, ko mai son tsirkiya 7 ko 8 maimakon 6. Duk da haka sautin da mai sauraro yake ji bai tsaya ga jita kaɗai ba. Amfilifaya, lasifika da hannun makaɗi suna da babban kaso a ciki, kuma jita mai tsada ba ta maye gurbin koyo.

Muhawara kan katako da sauti

Akwai daɗaɗɗiyar muhawara kan ko irin katako yana canza sautin jitar lantarki. Paul Reed Smith yana cikin masu cewa yana canzawa, domin katako yana shan wani ɓangare na motsin tsirkiya, ya shafi daɗewar sauti da launinsa. A ɗaya ɓangaren, Manfred Zollner, farfesa a garin Regensburg na Jamus, wanda ya yi doguwar nazari kan kimiyyar jitar lantarki, ya nuna cewa tasirin katakon jiki kaɗan ne idan aka kwatanta da na maɗaukin sauti, tsirkiya da jaki. Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kai ba shi ne katako yana shafar nauyi, ƙarfin wuya da kyawun gani.

Farashi da haɗarin saye

Jitar masana'anta ta masu koyo tana samuwa a kan dala ɗari biyu ko uku. Ta ƙirar hannu galibi tana farawa daga dala dubu kaɗan, wasu kuma su haura dala 10,000. Tsadar ta samo asali ne daga yawan awannin aiki, farashin zaɓaɓɓen katako, da kuma ƙarancin adadin da ake fitarwa.

Mai saye yana fuskantar haɗari iri uku. Na farko, yana biyan kuɗin abin da bai taɓa riƙewa ba, kuma idan jitar ta zo ba ta yi masa ba, da wuya a karɓe ta, tunda don shi kaɗai aka yi ta. Na biyu, shagon mutum ɗaya yana iya tsayawa saboda ciwo, mutuwa ko karyewar jari, kafin alƙalami ya maƙale. Na uku, idan ya tashi sayarwa, jitar maƙerin da ba a sani ba takan faɗi ƙasa da kuɗin da aka saye ta, musamman idan an rubuta sunan mai ita ko an yi mata ado na son ransa. Saboda haka ake son a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da farashi, lokacin gamawa da sharaɗin mayar da kuɗi, a kuma gwada wata jitar maƙerin kafin a biya.

Jitocin da suke yin tsada a gwanjo yawanci sunan makaɗin da ya riƙe su ne yake ɗaga su. A 2002 an sayar da Tiger ta Jerry Garcia a kan dala 957,500, a 2017 kuma aka sayar da Wolf a kan dala miliyan 1.9.

Dokoki

Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta shafi wannan sana'a kai tsaye. Tun 1992 aka sa rozwud na Brazil a rukunin da aka fi tsanantawa, don haka fitar da jita mai ɗauke da shi daga ƙasa zuwa ƙasa yana buƙatar takardun izini. A watan Janairun 2017 aka sa sauran dangin Dalbergia ƙarƙashin sa ido, abin da ya jawo wa masu ƙera jita cikas, har aka cire kayan kiɗa da aka gama ƙerawa daga wannan sharaɗi a watan Nuwamban 2019, ban da rozwud na Brazil. A Amurka, jami'an gwamnati sun binciki masana'antun Gibson a 2009 da 2011 kan katakon Madagaska da Indiya, kuma a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000.

Batu na biyu shi ne siffa, domin jitocin butik da yawa suna kama da na Fender ko Gibson. Gibson ya kai PRS ƙara kan jitar Singlecut, kotu ta hana ƙera ta a 2004, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2005. A 2009 hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba Fender ikon mallakar siffar jikin Stratocaster da Telecaster. Sanya sunan wani kamfani a kan jitar da ba shi ya ƙera ba kuwa jabu ne a doka.

Kulawa

Katako yana shan danshi yana kuma fitar da shi. Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A wuri mai bushewa, kamar arewacin Najeriya da Nijar a lokacin hunturu, allon yatsu yana tsukewa, bakin firet ya fito yana yankar hannu, eboni kuma yana iya tsagewa. Da damina katako yana kumbura, ƙarafa su yi tsatsa. Maganin shi ne ajiye jita a cikin akwatinta tare da abin daidaita danshi, da sake duba saitin wuya idan yanayi ya juya. Ba a barinta a rana ko a cikin mota a rufe, domin zafi yana sassauta gam ya lalata fenti. Fentin naitiro yana narkewa idan ya daɗe yana taɓa wasu nau'o'in roba, don haka ake lulluɓe mazaunin jita da ƙyalle. Ana goge tsirkiya bayan kowane kiɗa, a adana takardar shaidar maƙeri da lambar jitar.

Sanannun misalai

Red Special ita ce jitar da Brian May na ƙungiyar Queen ya fara ƙerawa tare da mahaifinsa Harold a 1963, yana ɗan shekara 16. Wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙa shi, kuma da ita ya yi kusan duk kiɗansa. Jitar Cloud da Prince ya riƙe a fim ɗin Purple Rain na 1984, Dave Rusan ne ya ƙera ta a birnin Minneapolis. Jitar da Slash ya yi yawancin faifan Appetite for Destruction na 1987 da ita kwaikwayon Les Paul ce da maƙeri Kris Derrig ya yi. A Nijar, makaɗi Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da kansa daga katako da wayar birkin keke, kafin ya samu jitar lantarki ya yi suna a duniya.